Ƙyauren Jirgin Lakwaya

Shekara arba'in da 'yan kai jirgin yana kwance a gonar marigayi Alhaji Abdulmuttalib a Lakwaya. Jirgin fasinja ne irin na da, mai farfela biyu. Alhajin ya saye shi a gwanjo a Kano bayan ya daina tashi, aka kwance fukafukan aka jawo shi gida, da nufin ya zama masaukin baƙi. Baƙon farko da aka sauke a ciki bai kai la'asar ba ya fito sharkaf da gumi, yana roƙon a mayar da shi zaure. Daga nan aka bar wa kaji da ƙadangaru.

Da magada suka ba wani gidan adana kayan tarihi na Kano jirgin kyauta, sai gidan ya turo ma'aikaciyarsa Zubaidatu ta ɗauko shi, tunda 'yar Kabo ce, ta san hanya ta san jama'a. Aka haɗa ta da Injiniya Zainulabidin, dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran jirage, wanda ko salla zai je littafin jirgin na hammatarsa.

Ƙwarangwal suka tarar. Babu kujera ko ɗaya, babu ƙyaure, farfela guda ta yi ƙafa. Zubaidatu ta je ta durƙusa gaban dagaci, shi kuwa ya sa aka yi shela bayan an sauko daga masallacin Juma'a: duk mai wani abu na jirgi ya kawo, ba tuhuma, kuma za a rubuta sunansa a allo a gidan tarihi.

Maganar sunan nan ita ta jawo mata aiki. Kafin Lahadi an tara mata sitiyarin akori-kura, da ƙafar keken ɗinki, da murfin tukunya, kowa na rantsuwa daga jikin jirgi kakansa ya cire. Amma an samu na gaske. Mahauta suka kawo farfelar, ashe a kanta suke rataye nama. Jibirin mai aski ya kawo kujeru uku a amalanke, yana tafe yana share ido, wai kan rabin garin nan a kansu ya aske shi.

Ƙyaure ne dai shiru. Injiniya ya ce ba a ƙera irinsa yanzu, kuma jirgi ba ƙyaure ai rumfa ce.

Ranar Litinin da azahar Zubaidatu ta biya Kabo wajen kakarta, Inna Ladidi, wadda ta rene ta. Aka zuba mata dambu, tana ci tana sababi.

"Inna, mutane ba su da tsoron Allah. A ce ƙyauren jirgi sukutum wani ɓarawo ya saɓa a ka ya tafi da shi? Ya yi me da shi?"

Inna ta ci gaba da tsince wakenta. Can ta ce, "Ci abincinki, 'yar nan. Ba kyau zagin wanda ba ka sani ba."

Da ta gama ta zagaya bayan ɗaki wanke hannu, wajen garken awaki. Tana zuba ruwa sai idonta ya faɗa kan ƙyauren garken, wanda ta yi shekara goma sha biyar tana wucewa ta gabansa. A lanƙwashe yake, ita kuwa tun tana yarinya ta ɗauka tsufa ne ya tanƙwara shi. Ta kankare shuɗin fentin da farce, sai ga ƙananan ƙusoshi a jere reras. Ta 'yar tagar da ke sama wani bunsuru ya leƙo yana kallonta yana tuƙa.

Ta dawo wajen Inna. "Inna, ƙyauren awakin nan fa?"

"Na ɓarawon?" in ji Inna. "Kakanki ne ɓarawon. Je ki maƙabarta ki kama shi."

Sai da Zubaidatu ta ba da haƙuri har sau uku sannan ta ji labarin. Ranar da aka jawo jirgin, da damina, motar ta kafe a laka a nan bakin Kabo. Malam Hambali, mijin Inna, shi ya kawo shanun nomansa aka yini ana ja har ta fita. Alhaji ya ce ya zaɓi abin da yake so a jikin jirgin, ya zaɓi ƙyaure.

"To, Inna, shelar da aka yi ba ta iso ki ba?"

"Ta iso. Cewa aka yi mai kayan jirgi. Ni kayan awaki gare ni."

Washegari Injiniya ya zo da kansa. Bayan doguwar gaisuwa ya tsaya gaban ƙyauren kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata. Ya nemi izinin buɗewa, Inna ta ce bismilla. Ya murɗa mariƙin, shiru. Ya buɗe littafi, ya gyara tabarau, ya sake murɗawa yadda aka zana. Ya cire hula ya sa ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Ƙyaure ko gezau.

"Malam, matsa," in ji Inna. Ta dafa da gwiwa, ta ɗan ɗaga mariƙin, ta ba shi mari a gefe, sannan ta murɗa. Ƙyaure ya buɗe salin-alin, awaki bakwai suka fito ta tsakanin ƙafafun Injiniya.

"Hajiya, wannan ba ya cikin littafi."

"Mai littafin ya taɓa kiwo?"

Aka zauna ciniki. Zubaidatu ta kawo maganar allo da suna, Inna ta ce sunanta ba gyaɗa ba ce da za a baza a kasuwa. Abu biyu take so: mai walda ya yi wa awakinta sabon ƙyaure, sannan ranar tafiya a sa ta a cikin jirgin daga Lakwaya zuwa Kabo.

"Malam ya ja shi yini guda, bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Ni zan shiga a madadinsa."

Injiniya ya ce doka ba ta yarda ba, Inna ta ce to awaki ma ba su yarda ba. Haka ya haƙura.

Ranar Asabar aka ɗora gangar jirgin a tirela, fukafukai a wata motar. Aka mayar da ƙyauren mazauninsa, aka ɗaure kujerar Jibirin guda kusa da taga. Inna ta zo da sabuwar atamfa da kwanon fura, ta hau, Zubaidatu na biye. Da hannunta ta ja ƙyauren ta rufe.

Tafiya ake kamar ta hawainiya, ana ɗaga wayoyin lantarki da gora. Duk ƙauyen da aka ratsa sai an fito kallo, Inna na ɗaga hannu ta taga. Da aka tsaya a Kabo, Injiniya ya hau tsani ya ƙwanƙwasa.

"Hajiya, an iso."

"Ina?"

"Kabo."

"Jirgi ne zai sauka a Kabo? Ku ja mu je Kano."

Injiniya ya gwada gwiwa, ya gwada mari, bai dace ba. Zubaidatu ta gwada daga ciki, Inna na shan fura tana kallonta. Motoci suka yi layi a baya suna ta oda. Zubaidatu ta zauna a ƙasa ta yi dariya har da hawaye, sannan ta leƙa taga ta ce wa direba ya ja.

Sai bayan la'asar suka shiga Kano. Inna ta kwana uku a can tana koya wa ma'aikata buɗe ƙyaure, ta ce a cikinsu mai shara ce kaɗai mai kai. An wanke ƙyauren da omo ya fi sau goma, an yi masa fenti, amma in rana ta take warin bunsuru ya taso, 'yan makarantar da ke zuwa kallo sukan tambayi Zubaidatu ko da can jirgin dabbobi ne.