Kashin Shanu a Gonar Gwaji

Tun ina goye, kowace kaka muke sauka a gonar Malam Sa'idu a Tamawa. Shanunmu su ci kara da harawa, su kwana a gonar har rani ya ƙare, su bar masa taki. Shi kuma ya ba Baba dammunan gero, ya bar mu mu sha rijiyarsa. Da wannan geron muke kaiwa damina.

Shekarar da nake faɗi, bayan samun mulkin kai, mun iso muka tarar da wani farin allo kafe a bakin gonar. Da yake na ɗan zauna a elementare ta Kurfi, Baba ya ce in duba. Na karanta a hankali, kaina a ƙasa: gonar gwaji.

Malam Sa'idu ya fito yana gyara hula.

"Manu, ɗan Fulani! Har yanzu ba ka yi ƙiba ba?"

"Ina zan yi ƙiba, Kaɗo, gerona yana rumbunka?"

Suka yi dariya, amma ta Malam Sa'idu ba ta daɗe ba. Ya ce malamin gona ya zo daga Dutsin-Ma da takin zamani. Gwamnati ce ke biyan mafi yawan kuɗinsa, har da irin gyaɗa kyauta. Sharaɗi ɗaya ne: kada kashin dabba ya taɓa gonar, don mutane su ga aikin sabon takin shi kaɗai. In aka saɓa, a cire gonarsa daga gwajin a ba wani.

"To rijiyar fa?" in ji Baba.

"Ai a tsakiyar gonar take, Manu."

Baba ya dubi allon. Ya ce, "Allah ya sa albarka." Muka koma gefen hanyar Birchi muka sauke kaya.

Shanu dai ba wanda ya gaya musu. Da hantsi, Baba ya tafi neman wani masauki, ina tsaron garke, sai tsohuwar saniyarmu Wule ta miƙe ta kama hanyar da ta sani. Sauran suka bi ta. Na sha gabansu, suka ratse ni. Kafin in kai, sun kwanta ƙarƙashin gawon da suka saba, suna tuƙa.

Ban taɓa dukan Wule ba sai ranar. Ta tashi ba gaggawa, ta dube ni, ta fita.

Malam Sa'idu ya iso da gudu. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya yana kallon kashin da suka bari, ɗanye, yana tururi.

"Lauratu, 'yata, gobe malamin zai zo."

Na ce, "To, Baba."

Matarsa, Inna Kande, ta kawo mini kwando. Na durƙusa na kwashe da hannu, na kankare ƙasar da ya jiƙa da sakaina. Bara a daidai wurin nan Malam Sa'idu ya taka irinsa, ya ce wa Baba wannan ya fi turare. Na tuna, ban ji komai ba. Na riƙa kai kwandon bakin hanya ina juyewa. Shi kuma ya bi bayana da reshe yana share sawun kofato.

Da la'asar Baba ya dawo. Gonakin kusa duk suna da Fulaninsu, ba gurbi. Ya dubi hannuwana, ya dubi tulin kashin da ke bakin hanya.

Malam Sa'idu ya zo da dami ɗaya a kai, ya ajiye a gabansa.

"Na me?" in ji Baba.

"Haba, Manu."

"Dami na taki ne. Takin ga shi can a hanya."

Washegari muka ɗaure kaya a kan takarkari, muka yi kudu, inda ba mu san kowa ba. Damin yana nan inda aka ajiye shi. Da na waiwaya, na hangi Inna Kande a bakin hanya, tana kwasar kashin a zaninta, za ta kai wa barkononta na bayan gida.

Wule ta tsaya a mararraba, tana duban hanyar gonar. Na ɗaga sanda, ta wuce.