Inuwar Tineni

A jirgin nan Jeneba ta haifi 'ya'yanta uku, a ciki kuma karensu Tineni ya tsufa, har ya kasa tashi ya bi inuwa. Kullum mijinta Bakaina sai ya ce zai jefa shi kogi.

Ran nan suna gangarawa Mopti da busasshen kifi, rana ta take, sai Bakaina ya karkata ƙyallen da iska ke tura su da shi. Jirgi ya rage gudu, inuwa ta sauka kan karen.

"Maigida, kasuwa fa za ta watse," in ji Jeneba.

"Iska ce ta juya," in ji shi, yana kallon gefe.

Jeneba ta dubi ciyayin bakin kogi, suna kwance yadda suke tun safe.

"Haka ne," ta ce, "ta juya."