Kujerar da Ta Riƙe Saleh

Bayan sallar isha'i ne na fara jin ƙarar. An ɗauke wuta a Dutse Alhaji, ina kwance ina kallon duhu, sai na ji ƙarrr, ƙat, kamar ana jan igiya ta cikin haƙoran ƙarfe. A yi shiru, a sake. Na ɗauka wani tsuntsu ne da ban sani ba, har na fara raya kalar gashinsa a raina. Da na ji nishi ya biyo baya, na ɗauki tocila na fita.

Daga ɗakin Saleh take fitowa. Saleh maƙwabcina ne, ɗan gwangwan, yana tura baro unguwa-unguwa yana sayen tsofaffin ƙarafa. Na tura ƙofa na haska. Yana zaune a kan wata doguwar kujerar ƙarfe, gumi ya jiƙa rigarsa, ƙafafunsa sun lanƙwashe baya sun manne da gindinta.

"Baba Maharazu, rufe ƙofar," in ji shi. "Kada a ji."

A hankali ya ba ni labari. Cikin tarkacen da ya saya a hanyar Karshi ya tsince ta, aka ce ta jirgin saman soja ce. Ya ɓoye ta a ɗaki don tsoron a ce sata ya yi. Da ya dawo daga aiki ya zauna a kai don ya ji yadda matuƙa ke ji. Ya ga maɗauri biyu, ya ɗaura su a ƙasan gwiwa, da igiyoyinsu da suka bi ta wasu ƙananan ƙarafa suka sauka ƙasa. Da ya so kwancewa sai ya yi abin da duk mai ɗaurin kaya yake yi: ya ƙara jan igiyar don ƙullin ya saki. To wannan igiyar ba ta san komawa baya ba. Duk jan da ya yi sai ta shige ta kame. Tun magariba yake ja.

Na taɓa yatsun ƙafarsa, sanyi ƙalau, sun kumbura. Mutumin da ƙafa ce abincinsa.

Ban da wata dabara sai na kira Leonard, tsoho kamata, wanda ya yi sharar rumfar jiragen soja a ƙuruciyarsa. Rekiya mai sayar da abinci ta biyo shi da zani a ƙirji, ba wanda ya gayyace ta. Leonard na ganin kujerar ya ja da baya har ya buge ƙofa.

Daga bakin ƙofar ya yi mana bayani. Ya ce idan jirgi zai faɗi, kujerar kan harbo matuƙi waje kamar harsashi. Igiyoyin su ke fizgo ƙafafunsa baya su riƙe, don kada bakin jirgin ya datse su, ko iska ta watsa su ta karya. Ni kam abin ya tsaya mini a rai. Wani ya zauna a wata ƙasa mai nisa, ya yi tunanin ƙwaurin mutumin da bai taɓa gani ba, ya ga hanyar cetonsa ita ce a ɗaure shi. Har na hango Saleh ya fasa kwanon ɗaki, yana wucewa ta saman dutsen unguwarmu, fitilun Maitama a ƙarƙashinsa.

Rekiya ta katse mini tunani. Ta ce a bar tatsuniya, a nuna mata inda ake kwancewa.

Leonard ya ce akwai abin da ake ja igiyar ta saki, akwai kuma wanda ake ja kujerar ta tashi. Ya nuna wata ƙawanya mai zanen baƙi da rawaya tsakanin cinyoyin Saleh, ya ce wannan dai an hana su ko kallonta. Ɗayan kuwa ya manta inda yake. Ko an cire albarushin da ke cikinta, Allah kaɗai ya sani.

Saleh ya ɗaga hannayensa sama ya bar su a can.

"Oga Leonard, tun ɗazu a kanta nake dafawa."

"To kada ka ƙara. Kada ka yi tari ma."

Na ce a kira sojoji. Saleh ya ce gara ƙafar ta ruɓe, in sun zo ba shi kaɗai za su kwasa ba, har mai gidan da mu da muka gani. Ba wanda ya musa. Muka tsaya cirko-cirko a ɗakin da ba taga, zafi kamar tanda. Saleh ya daina nishi, ya ce ai yanzu ba ya jin ciwon. Wannan ya fi tsorata ni.

Rekiya ta fita, ta dawo da wuƙar yankan kuɓewa. Leonard ya ce bai san abin da igiyar ke riƙe da shi a ciki ba. Ta ce masa shi ya tsaya ƙofa tunda ya iya gudu.

"Baba, haska nan," in ji ta.

Ta durƙusa, kanta dab da ƙawanyar. Igiyar ta yi tauri, wuƙar na ci zare-zare. Saleh na salati ƙasa-ƙasa, Leonard na kiran Yesu daga bakin ƙofa. Ta ɗaya ta tsinke. Muka saurara. Ta biyu ma haka. Kujerar ba ta motsa ba.

Muka ciccibe shi a hankali, muka kwantar da shi a tsakar gida. Rekiya ta yi ta murza masa ƙafa da man zafi. Can ta dama ta farfaɗo, ya yi ihu, muka yi hamdala. Ta hagu kuwa na matsa ta da farce, yana kallon sama, bai san na taɓa shi ba. Shatin maɗaurin ya nutse a naman, baƙi ƙirin.

Leonard ya ce a nemo keke napep, asibiti za a je. Rekiya ta goge hannunta a zani, ta dubi ƙofar ɗakin da muka bari a buɗe, ta dube mu.

"In likita ya tambaya me ya ɗaure shi haka, me za mu ce?"