Cakin da Ke Cikin Faifai

"Kashe, kashe! Wannan ma ba ta yi ba."

Sayibu ya miƙe daga benci, ya je bakin ƙofar shago, ya leƙa kasuwar Bawku kamar wani ya kira shi, ya dawo bai zauna ba. Inusah mai shagon ya ɗage allura daga kan faifai, ya saci kallon Lariba, matar Sayibu, wadda ke zaune kan ƙunshin atamfofin da ta saro da safe. Ita ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Masa, wannan fa ɗan Japan ne," in ji Inusah da Hausarsa ta kasuwa, wadda a cikinta ake ce wa maigida Masa. "Taransista. Ba ya zafi, ba ya shan wuta. Jiya jiya ya shigo daga Togo."

"Gwangwani ce! Na ce maka mai kwalba nake nema."

Mai injin niƙa ne Sayibu a Salaga. Shekara da shekaru yana tsaye a kan injin nan, daga masara sai dawa sai busasshen rogo, har gemunsa ya yi fari tun kafin furfura ta zo. Amma abin alfaharinsa kunne ne. A da, direbobin tasha kan aika a kira shi ya saurari kukan mota, ya faɗi inda ciwon yake. Ran da aka ja wuta zuwa unguwarsu ya rantse sai ya haɗa kayan sauti a falonsa. Garmaho ya samu, sifiku ya samu, saura amfilifaya, na'urar ƙara sauti.

Ba kowace iri ba kuwa. Yana saurayi a Kumasi, wansa marigayi yana da wata mai kwalabe a kai, masu yin ja idan sun ɗau zafi. A kanta ya fara jin faifan nan: wani tsohon mai goge na ƙasar Yendi, a bayansa mai caki yana kaɗawa, cas-cas-cas, siriri, tsaf kamar a gaban goshinka. Amfilifayar ta bi rabon gado, faifan ya faɗo hannun Sayibu. Cakin nan yake so ya sake ji, kuma duk na'urar da aka jona masa sai ta ba shi goge da murya ta haɗiye cakin. Abin ya hana shi sukuni. Jiya a Yendi sai da ya kusa yin faɗa da Mahamudu mai gyaran rediyo, har mutumin ya ce, "Tafi Bawku, can kaya suke, ka bar ni in sha iska."

Lariba ta ce, "Baban Damata, motar Tamale ta fara lodi."

Yana ta juya kwalin faifan a hannu. Ta miƙa hannu ta taɓa gwiwarsa, ta maimaita.

"Na ji mana! An ce miki kurma ne ni?"

Inusah ya shiga ƙuryar shago, aka ji yana ture kwalaye yana tsaki. Ya fito rungume da wani abu mai nauyi a cikin tsohon bargo, ya dire a kan tebur da nishi.

"Na wani tsohon tica ne a Garu. 'Ya'yansa suka kawo. Ni dai ban so in nuna ba, don kwalban in ya mutu sai Kumasi."

Da aka yaye bargon, Sayibu ya matso ya duƙa a kanta. Ga kwalaben a jere, ga baƙin ƙarfe, ga maɓallan da hannu ya cinye musu fenti. Ba ta wansa ba ce, amma 'yar gidansu ce.

"Jona! Me kake jira?"

"Sai ya yi zafi, Masa. Wannan ba ya son gaggawa."

Wannan jira ya fi tafiyar Salaga zuwa Bawku tsawo a wurin Sayibu. Ya zauna, ya tashi. Ya cire hula, ya mayar. Ya tambayi ko wutar shagon tana da ƙarfi, bai tsaya jin amsa ba. A hankali zaren cikin kwalaben ya fara ja, wani ƙauri na ƙura mai zafi ya taso, irin na ɗakin wansa sak. Idonsa ya ciko, ya yi kamar hayaƙi ne.

Allura ta sauka. Gogen ya shigo da kauri, muryar tsohon ta biyo baya, har cikin ƙirji Sayibu ya ji ta. Kai, wannan murya! Ya karkata kai yana jiran wurin da cakin ke faɗowa. Wurin ya zo, ya wuce. Babu.

Ya kai hannu kan maɓallin siririn sauti, ya murɗa, ya ƙara murɗawa har ƙarshe. Inusah ya runtse ido ɗaya ya ja da baya. Mai albasa da ke tsallaken hanya ya waiwayo yana yamutsa fuska.

"An taɓa ta," in ji Sayibu. "Wallahi an cire mata wani abu. Ku mutanen Bawku ba ku bar komai yadda Allah ya yi shi ba. Ina cakin? Lariba, ke shaida ce, faifan nan..."

Ya juya wurinta, sai maganar ta tsaya.

Lariba ta lumshe ido, ta manta da shi, ta manta da mota. Hannunta na dama yana kan gwiwa yana kaɗawa da sauri, ba a kan bugun goge ba, a kan wani bugu daban da ke tsakanin bugun. Sayibu ya san shi kamar sunansa. Nan gaba kaɗan mai cakin zai ninka, sau biyu a jere, sannan ya saki. Ya zuba wa hannun ido. Hannun ya ninka, ya saki.

Awarwaron azurfa ne cike da wuyan hannun nata, suna ta karo da juna. Su ma bai ji su ba.

Ya lallaɓa ya zauna. Abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Yadda ta daina ƙwala masa kira daga madafa, sai ta tako ta tsaya a gabansa. Yadda a hanya take bin gefen motoci tana jan hannun rigarsa. Yadda ta nace sai ta biyo shi, wai atamfar Bawku ta fi araha. Har bugun ƙirji ya yi a majalisa bara, wai sauro ya daina kuka a ɗakinsa. Direbobi kuwa, rabon da su aiko kiransa har ya manta. Tsoro ya kama shi, da kunya, kunyar ta fi yawa.

Ya mayar da maɓallin inda yake. Lariba ta buɗe ido, ta ga fuskarsa, hannunta ya tsaya cak.

"Yana ciki?" ya tambaya.

Ta sauke hannun daga gwiwa. Sannan ta matso, ta yi magana a fili yadda zai ga bakinta.

"Yana ciki, Baban Damata. A Yendi ma yana ciki."

Inusah ya duƙa yana gyara wata waya da ba ta lalace ba.

Sayibu ya shafa gemu, ya dubi 'yar Japan, ya dubi mai kwalba. Shi da ya ƙetare garuruwa yana zagin kayan mutane, yau ga shi da tambaya a baki kamar baƙo.

"To ke, wacce ta fi miki?"

"Wannan," ta nuna mai kwalba. "A waccan cakin sukar kunne yake yi. A wannan kuwa kamar mutumin yana zaune nan kusa da ni."

"Inusah, nemo kwali mai ƙarfi. Ita za mu ɗauka."

Inusah ya kai hannu zai kashe.

"A'a, bar ta tukuna. Mayar da allurar farko."

"Motar fa?" in ji Lariba.

"Ta tafi. Gobe ma akwai mota."

Ya ja bencin, ya juya wa sifikun baya, ya zauna daidai gabanta. Kwalaben na ɗumama masa ƙeya. Gogen ya sake shigowa, tsohon ya ja numfashi zai fara.

"Ɗora hannun a gwiwa," in ji Sayibu. "Kada ki tsaya sai ya ƙare."