Markub ɗin Badaru Ya Shiga Fesbuk

Shekara talatin da ɗaya Badaru Nagoggo ya yi yana ɗinka markub, takalmin fata na maza, a wani lungu bayan kasuwar Omdurman, irin lungun da sai wanda ya ɓata hanya yake shiga. Tsofaffin masu sayensa wasu sun rasu, wasu sun koma takalmin roba, har ta kai yakan wuni bai auna ƙafa ko ɗaya ba.

'Yarsa Ni'mat, mai aikin jinya a Bahri, ita ta kawo shawara.

"Baba, ba markub aka daina so ba, inda kake ne ba a sani ba. Bari in sa ka a Fesbuk."

"Wayar ce za ta riƙo hannunsu ta kawo su?"

"Hanya za ta nuna musu."

Ya yarda. Ran Asabar ta zo ta ɗauki bidiyon hannayensa suna jan zare. Can ya manta da ita, ya shiga lallashin fatar da Hausa kamar yadda ya saba: "Kwanta mana, ƙafar mutumin kirki za ki." Ta sa bidiyon haka, ta rubuta kwatance da Larabci: lungu na uku bayan masallaci, daura da Sittana mai shayi.

Da ya ji muryarsa a wayar, ransa ya ɓaci. A kasuwa Larabci kaɗai yake yi, Hausa kuwa sai ya koma gida, unguwar Alhilla Kuku.

"Cire shi."

"Baba, ya riga ya zaga gari. Ga ma masu cewa a aiko musu lamba arba'in da biyu."

"Ba na ɗinka wa lamba takalmi. Mai ƙafa ya kawo ƙafarsa."

Ta rubuta wannan ma a ƙasan bidiyon, ba ta canza kalma ba.

Suka kuwa kawo. Malaman makaranta, angwaye, har da waɗanda ba su san da wane harshe ya yi maganar ba. Sittana ta ƙaro benci biyu. Wata Laraba da hantsi wani injiniya daga unguwar Alsahafa ya sauko da mahaifinsa, tsoho mai suna Jatau, daga raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku. Tun daga bakin lungu tsohon ya ɗaga murya da Hausa.

"Sannu da aiki, mai magana da fata."

Badaru ya dubi maƙwabtansa, duk sun juyo. Ya ajiye allura, ya miƙe, ya amsa yadda kowa zai ji.

"Yawwa, sannu da zuwa, Baba. Shigo daga ciki."

Ya durƙusa ya zana ƙafar tsohon a takarda, suna hirar gonakin audugar Jazira inda iyayensu suka yi aiki. Salih mai shagon kusa ya leƙo ya tambayi me ake cewa, Badaru ya fassara masa a tsanake, har ya koya masa gaisuwa.

Bayan mako biyu Jatau ya dawo karɓa. Ya zura ƙafa, ya taka sau uku, ya ce wa ɗansa ya sallami mai raksha, da ƙafa zai je titi. Badaru ya tsaya bakin ƙofa, hannu a ƙugu, yana kallon yadda dunduniyar ta zauna daram har suka sha kwana. Sannan ya juya ga mutum huɗun da ke kan benci.

"Waye na gaba?"