Haƙurin Baba na Mai Tsada Ne

Shekarunmu ɗaya da sabon ɗan wasan gaban da ƙungiyar da Baba yake goya wa baya ta sayo da uban kuɗi. Tun da aka fara kakar wasa bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, amma hotonsa na nan manne a bangon shagonmu na kafinta, kusa da inda muke rataye zarto.

Ranar Asabar muna aiki muna sauraron wasa a rediyo, sai yaron ya sake ɗaga ƙwallo sama, alhali ba kowa a raga. Maƙwabcinmu mai walda ya leƙo yana dariya. "Wallahi an damfare ku."

Baba bai ko ɗaga kai ba. "A bar yaro ya saba. Sabon wuri ne, ga idon jama'a a kansa."

Na tsaya da guduma a hannu. Da safiyar nan Baba ya kira ni sakarai a gaban mai kaya, don ƙafar tebur ɗaya ta ɗan gaza sauran.

"Baba, ai ni ma ban daɗe da fara aikin nan ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka san nawa aka kashe kafin a same shi? Abin da aka saya da tsada dole a jira shi."

Ya miƙa hannu ya share ƙurar katako daga goshin yaron da ke jikin hoton da babban yatsa.

Ni da aka samu kyauta, na koma kan ƙafar teburina.