Rigunan da Kogi Ya Rina

Masinjan kotu yakan ce Lauya ba tafiya yake yi ba, tashi yake kamar an cinna masa wuta. Matarsa kuwa cewa take ko shayi zai sha sai ya yi wa kofin tambayoyi. Mutanen unguwar bakin kogi Namu suke kiransa, tun ranar da ya maka masana'antar jima da ta fenti a kotu saboda ruwan da ya feso wa yaransu ƙuraje.

Bayan shekara biyu ana fafatawa, shari'a ta cije. Kamfanonin sun kafa matatar ruwa a ɓoye, aka auna kogi aka same shi tas, suka ce haka yake tun fil azal. Alƙali ya ba Lauya mako guda ya kawo shaidar yadda ruwan yake a da, ko ya kori ƙarar.

Lauya yana falo ya yi tagumi, matarsa tana guga, ta ce da tufafi suna magana ai da rigunansa bakwai sun ba da shaida. Tana nufin fararen rigunan da kawunsa mai wanki ya wanke a kogin ya dawo masa da su shekara uku da suka wuce, sun yi kore kamar gansakuka. Lauya ya zabura ya buga wa wata masaniyar sinadarai waya. Ta ce dafin jima in ya kama zare, ko an wanke sau ɗari ana iya gano shi. Bai bari ta ƙarasa ba ya rungumi teburin guga yana rawa da shi, takalmi ƙafa ɗaya.

Matarsa ta bari ya gaji, sannan ta tuna masa inda rigunan suke. Shi ya watsa wa Kawu su a gaban jama'a, ya ce tsufa ya cinye masa ido da kunne. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ya tarar da Kawu a rumfarsa yana ninke zanin gado. Kawu bai ɗago ba, ya ce ya rabar da su, ya lissafa masa waɗanda ya ba. Nan fa Lauya ya bazama, unguwa ta biyo shi duu. Ya tuɓe ɗaya daga jikin mahauci, mahauci yana ihu wai a bar masa maɓallai. Wata ta zama labulen shagon aski. Wata tana jikin mutum-mutumin korar tsuntsaye a lambu, Lauya ya yi masa sallama kafin ya cire, mata suka riƙe ciki don dariya. Kafin rana ta karkata ya tara shida, kowacce da jan zaren da Kawu yake ɗinkawa a wuya don gane kayan mutane.

Ya dawo rumfa yana haki, ya zube su a kan tabarma. Sai a nan murna ta koma masa ciki. Riga ba ta rantsuwa a kotu. Dole wani ya tsaya gaban alƙali ya faɗi inda aka wanke ta da lokacin.

"Kawu, ta bakwai fa?"

Kawu ya ɗaga gefen rigarsa ta sama. Ga ta a ciki, ta sha faci.

"Wannan sai da mai ita take tafiya," in ji shi.

Lauya ya matso ya yi wata magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, ɗan ƙanwata. Ai ka san kunnen nawa."

Lauya ya dubi mahauci da wanzami da matan da suka cika ƙofar rumfa. Ya cire hula, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Kawu, ruwan ne ya ɓata su, ba hannunka ba. Na ci mutuncinka a banza a gaban mutane. Ka yafe mini."